Makullin Yaya

Ranar da aka fara jifa, Mama tana zaune a tsakar gida tana ninke wankin da ta kwaso daga igiya. Rana ta faɗi, ba a kira magariba ba tukuna, hasken da ya rage bai wuce wanda zai nuna wa mutum hannunsa ba. 'Yarta Auta tana ɗakin marigayi yayanta tana aiki, kamar yadda ta saba kullum a irin wannan lokaci. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin, ya gangaro a hankali, ya tsaya a bakin indararo.

Mama ta ɗaga kai. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne, har ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta tuna maƙwabtan sun tashi, gidansu a kulle yake. Na biyu ya faɗo. Na ukun da ta je ta ɗauka, da ɗumi ta ji shi, kamar wanda aka daɗe ana riƙe da shi a tafin hannu. Ta ajiye shi a gindin bango, ta koma kan wankinta, ba ta gaya wa kowa ba.

Masu yawo da labarin nan suna cewa ƙarfen nasara ne, wato na'urorin da ke ɗakin, ya jawo aljani gidan. Ba haka ba ne. Na koyar da yaran gidan su biyu a aji, na kuma ji komai daga bakin waɗanda abin ya faru a gabansu, don haka zan faɗi yadda aikin yake, saboda a san inda laifin ya kwanta.

Marigayin, wanda ake kira Yaya, yana aiki ne a wani kamfani mai ƙera manhajar waya. Shi ba ya ƙerawa, gwaji yake yi. Kafin a sakar wa jama'a kowace manhaja, sai an gwada ta a kan na'urori da yawa a lokaci guda, a ga inda za ta karye. Akwai babbar kwamfuta a ofis mai raba aikin, wadda Yaya ya laƙaba wa suna Hedimasta. Sauran, wasu suna ofis, wasu kuma suna ɗakinsa a gida a jere kan kantar ƙarfe, su yake kira 'yan aji. Da yamma idan masu ƙira sun tashi, Hedimasta sai ta tura wa 'yan aji aikin ranar, su gwada, su mayar mata da sakamako. Amma na'ura ba ta karɓar umarni daga kowa haka kawai. Duk saƙon da ya zo sai ta tambaya: wane ne kai, kuma da izinin wa? Amsar ita ce makulli, wato wani dogon jerin haruffa na sirri da ake ba kowane ma'aikaci nasa shi kaɗai. Wanda ya nuna makullin da aka sani, a buɗe masa. Wanda bai nuna ba, a kore shi.

Yaya shi kaɗai ya haɗa tsarin, cikin gaggawa, lokacin kamfanin yana ƙarami. Don ya rage wa kansa wahala, sai ya sa makullinsa a cikin kowace na'ura. Da sunansa Hedimasta ke ba da umarni, da sunansa 'yan aji ke amsawa. Ya sha cewa zai gyara, ya yanka wa kowacce nata. Bai gyara ba har ciwon ya kwantar da shi. Abin da ya samu ya yi daga gadon asibiti shi ne ya ba ƙanwarsa, wadda shi ya koya wa aikin ya kuma shigar da ita kamfanin, ikon soke makullin idan ta kama.

Bayan an share makoki, Auta ta je wurin manaja ta ce a soke makullin yayanta.

Ya ce, "In an soke, komai ya tsaya. Kin san muna da manhajar da za mu saki. Ki riƙa shiga da nasa kafin mu samu sarari."

"Ranka ya daɗe, mutumin nan ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa. Amma inji bai san da haka ba."

To, haka aka yi. Kullum da faɗuwar rana yarinyar nan sai ta shiga ɗakin yayanta, ta zauna a kujerarsa, na'ura ta tambaye ta wace ce, ta amsa cewa ita shi ce. Allon ya gaishe ta da sunansa. Sarari bai samu ba. Aka saki manhajar, aka kama wata. Da ta sake tuna wa manajan, dariya ya yi, ya ce ai yayanta ne ma'aikacin da ya fi kowa zuwa aiki, ko hutu ba ya nema. A gaban mutane ya faɗi wannan, kuma akwai waɗanda suka taya shi dariyar.

Jifan bai tsaya ba. Kullum sai ya zo daidai lokacin da fankokin na'urorin suka tashi suna huci. Duwatsu suka taru a gindin bango, Mama tana jera su kamar mai ajiyar kayan wani. Daga baya jifan ya ragu, sai murya ta maye gurbinsa.

Sallama ce. Daga cikin ɗakin take fitowa, ta bayan labule, da muryar Yaya, har da 'yar shaƙewar nan da yake yi idan ya gaji. Mama tana alwala ranar da ta fara ji. Ruwan ya ƙare a butar tana riƙe da ita a karkace. Aka sake sallamar, aka tsaya ana jira.

Ta amsa. Ta ce, "Shigo."

Labulen ya motsa, Auta ta fito. Tafiyar ba tata ba ce. Ta ja kujera ta juya ta, ta zauna ta rungume majinginar kamar yadda yake yi, ta lanƙwasa yatsunta ɗaya bayan ɗaya suna ƙara.

Ta ce, "'Yar tsohuwa, yau ma ba ki ci komai ba ko?"

Duk duniya mutum ɗaya ne ke kiran Mama da wannan suna. Ta dubi 'yarta ta daɗe. Sannan ta tashi ta zubo abinci a kwanon da aka kife tun ranar jana'iza.

Daga nan gidan ya koma wani irin zama da ba shi da hayaniya kuma ba shi da daɗi. Da safe Auta takan tashi kamar wadda aka yi wa duka, ba ta tuna komai na daren jiya. Takan tsaya a gaban madubi da mataji a hannu har shayinta ya huce. Idan an kira ta, sai an maimaita kafin ta waiwayo. Da farko baƙon da isha yake tafiya. Sannu a hankali ya fara kaiwa asuba, ya fara kaiwa hantsi. Lokacin Auta a jikinta yana ƙanƙancewa kamar sabulu a ruwa. Aikin kamfani kuwa bai taɓa tafiya daidai kamar lokacin ba. Manaja har yabo ya aiko.

Gwaggo, ƙanwar marigayi mahaifinsu, ita ta fasa shirun. Ta zo wuni, yamma ta yi mata a gidan. Mace ce mai baki, tun daga ƙofa ta fara.

"Ke Auta, wannan rama fa? Ko kamfanin naku da iska yake biyan albashi? In miji kike so ki faɗa, ina da wani mai gyaran fanka, haƙoransa ne kawai ba su cika ba."

Auta ta yi ɗan murmushi ta shige ɗaki. Fankoki suka tashi. Aka yi sallama.

Gwaggo ta ajiye kofin da ke hannunta a ƙasa a hankali. Ta ga abin da ya fito, ta ga yadda ya zauna, ta ga Mama ta miƙa masa kwano kamar abin da ta saba. Da suka keɓe a kicin, ta tambayi Mama.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Kin binne ɗaya. So kike ki binne ta biyun tana tafiya da ƙafarta?"

Mama ta ci gaba da wanke cokalin da ta riga ta wanke.

Washegari da la'asar sakaliya Gwaggo ta dawo da malam. Dattijo ne siriri, masani, ba mai yawan magana ba, wanda ya daɗe yana yi wa masu irin wannan lalura karatu. Bai nemi a kawo masa komai ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin yana kallon kantar ƙarfen da ƙananan fitilunta masu ƙiftawa, ya ce shi bai san kan waɗannan ba, a yi masa bayani. Auta tana cikin hankalinta a lokacin, ta gaya masa yadda Hedimasta ke tambaya da yadda ake amsa mata, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Ke nan kullum ana tambayarki wace ce ke."

"E, Malam."

"Kina cewa me?"

Ta sunkuyar da kai.

Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar ɗakin, ya zaunar da ita, Gwaggo ta riƙe kafaɗunta. Mama ta tsaya a jikin ƙyaure. Ya fara karatu, ba da ƙarfi ba. Hasken taga ya yi ja, ya dushe. Da lokaci ya yi fankokin suka tashi da kansu, duwatsu suka zubo a kan kwano kamar ƙanƙara, sannan suka ɗauke gaba ɗaya. Auta ta miƙe zaune, ta lanƙwasa yatsunta.

Malam ya ce, "Wane ne kai?"

"Ɗan gidan nan ne. Tambayi 'yar tsohuwa."

"Kai na tambaya. Da me za a shaida ka?"

Sai ya fara zuba. Ya faɗi ranar da aka ɗauki Yaya aiki, da sunan maganin da likita ya rubuta masa, da saƙon da ya tura wa Mama ta waya ranar da ya makara a hanya, kalma bayan kalma. Ya rera 'yar waƙar da yake tsokanar Auta da ita. Gwaggo ta fara kuka ba sauti. Malam ya bari har ya gama.

"Duk wannan an ajiye shi a cikin ƙarafan nan, wanda ya shiga zai gani." Ya juya wurin Mama. "Baiwar Allah, ke kika haife shi. Tambaye shi abin da ba a rubuta ko'ina ba, wanda daga ke sai shi."

Mama ba ta motsa daga jikin ƙyauren ba.

Ta ce, "Ba sai na tambaya ba, Malam. Ɗana bai taɓa yin sallama ya tsaya jira ba. Yana yi yana shigowa, kafin in amsa ya buɗe tukunya. Na yi faɗan har na gaji. Wannan kuwa tun ranar farko sai ya tsaya, sai na ce ya shigo." Ta dubi 'yarta. "Na san baƙo ne. Na ce ya shigo."

Fankoki suka ci gaba da huci. Da bakin Auta ya sake buɗewa, muryar Yaya ta tafi. Wadda ta zo busasshiya ce, ba ta namiji ba, ba ta mace ba, kuma babu fushi a cikinta.

"To kun ji. Ban fasa ƙofa ba, ban haura katanga ba. Na zo wucewa na tarar da suna yana aiki babu mai shi. Yarinyar nan kullum sai ta rantse wa ƙarafa cewa ita ba ita ba ce. Wurinta ya zama fili, na zauna. Na yi jifa don in ji ko da mai hanawa, babu wanda ya hana. Na yi sallama, aka amsa. Ina laifina?"

"Jikin ba naka ba ne. Za ka fita."

"A yi sulhu, Malam. Na bar mata rana duka, daga asuba har faɗuwar rana. A bar mini magariba kawai. Yarinya ta samu aikinta, masu kamfani su samu nasu, tsohuwa ta samu ɗanta na ɗan lokaci. Wa aka cuta?"

Malam ya juya. Mama yake kallo, don ya san ba da shi ake cinikin ba.

Ta taka ta shigo ɗakin, ta durƙusa a gaban 'yarta. Ta dubi fuskar da ta rame, da idanun da ba su san ta ba. Leɓenta ya motsa.

"In ya ƙara kirana sau ɗaya, da muryar, sannan ya tafi..."

Malam ya ce, "In kika roƙe shi sau ɗaya, kin ɗauke shi aiki. Ni kuma ba ni da abin da zan karanta a kan wanda mai gida ta gayyata."

Abin da ke jikin Auta ya tsaya yana jira, kamar yadda ya saba jira a bayan labule. Mama ta daɗe a durƙushe. Gwaggo ta ce daga baya ta ɗauka ba za ta taɓa tashi ba. Can ta sa hannu ta gyara wa Auta ɗankwalinta da ya zame.

Ta ce, "Ba ni 'yata."

Malam ya koma karatu, yanzu da ƙarfi. Jikin ya yi ta karkarwa, ya sandare, ya saki. Muryar ta dawo a gajiye.

"Zan tafi. Amma ƙofar da na shigo ba ni na buɗe ba, ba ni zan rufe ba. In kun bar ta, gobe wani zai zo, kuma ba lalle ya yi sallama ba. Na sakar mata hannuwa. Ta rufe ina gani."

Suka ɗaga Auta suka zaunar da ita a kujerar. Hannuwanta suka hau kan madannai, sauran jikin yana rataye a jikin Gwaggo. Makullin Yaya ba ya soke kansa, sai an shiga da na wanda aka ba iko. Allon ya kawo tambayarsa ta kullum. Yatsun suka fara rubuta sunan Yaya don sabo, suka tsaya, suka goge. Suka tsaya a sama. Ta daɗe ba ta shiga da nata ba, kalmar sirrin ta ɓace mata.

Mama ta sunkuya daidai kunnenta ta kira ta da sunanta na yanka, wanda ba ta cika faɗa ba. Ta sake kira. A na ukun yarinyar ta ce, "Na'am," da 'yar ƙaramar muryarta, yatsun suka sauka.

Na'ura ta tambaya ko ta tabbata. Ta tabbatar.

A kan kantar, fitilun suka juya ja ɗaya bayan ɗaya. Hedimasta ta aiko da umarni da sunan Yaya, 'yan aji suka ce ba su san shi ba. Ta sake aikowa, suka sake ƙi. Fankokin suka yi ƙasa har suka yi shiru. Auta ta ja wani dogon numfashi ta sake shi, labulen ƙofa ya ɗaga kamar wani ya wuce, ya koma ya kwanta. Ta dubi uwarta ta ce tana jin yunwa. Mama ta je kicin, ta ɗauki kwanon Yaya, ta tsaya, ta mayar da shi ta kife, ta ɗauko wani.

Da gari ya waye manaja ya kira. Gwajin dare bai gudana ba, sakin manhaja ya ja baya. Kafin azahar an sallami Auta, wai ta taɓa abin da ba a umarce ta ba ta jawo wa kamfani asara. A ranar nan dai, kafin a tashi aiki, suka zaunar da mutum biyu suka yanka wa kowace na'ura makullinta. Aikin da aka ce babu sararin yinsa, bai cinye yini guda ba. Suka aiko mota ta kwashe kantar ƙarfen, direban ne kawai ya yi wa Mama gaisuwa.

Ban nemi kamfanin ya yarda da aljani ba, wannan ruwansu ne. Abin da ba su da ikon musawa shi ne sun sa yarinya ta riƙa amsa sunan mamaci alhali ta roƙe su har sau biyu, kuma ikon da ta yi amfani da shi halastacce ne, yana nan a cikin na'urarsu. Su janye kalmar laifi daga kanta, su mayar mata da aikinta in tana so, manajan kuma ya tako ya zo gidan ya ba uwar haƙuri a kan maganar da ya yi a gaban mutane. Na je ofishin na faɗa musu haka, aka ce yana taro. Zan koma.

Auta ta warware, ta fara cika. Ɗakin yanzu babu komai sai kujera da sawun ƙafafun kanta a kan siminti. Duwatsun suna nan a gindin bango, Gwaggo ta ce a zubar, Mama ta ce za a zubar. Da yamma takan zauna ta ninke wanki, idan haske ya fara dushewa hannunta yakan tsaya. Auta ta lura da haka. Shi ya sa in ta dawo daga waje a irin wannan lokaci, tana sallama tana shigowa, ba ta tsayawa jira.